Gaggafar Kwalkwalin Burusiya

A kicin ɗina, bayan buhun shinkafa, akwai wata gaggafa ta ƙarfe naɗe a cikin tsohon rawani. Ba ta da wani girma, hannu ɗaya yana ɗaukarta. Ta buɗe fukafukai, da ɗan kambi a kanta, a ƙasanta kuma akwai kusa mai murɗi. Ba na ajiye ta a ɗaki don a nan muke salla, na kuma kasa jefar da ita, ko da yake na sha ɗauko ta da wannan niyya. Duk ranar da shinkafa ta yi ƙasa sai mun haɗa ido, ni da ita, in ja tsaki in rufe kabad.

A Jidda aka haife ni. Iyayena mutanen Damagaram ne, sun zo aikin hajji suna da ƙuruciyarsu suka zauna, kamar yadda dubban mutanenmu suka yi. Baba dogo ne, baƙi, mara yawan magana a waje, amma idan ya samu shayi a gida ba ka jin muryar kowa sai tasa. Tun kafin in yi wayo yake gadi a gidan wani attajiri Balarabe wanda kayansa ke sauka a tashar jiragen ruwa. Shaihu muke ce masa. Shi ne kafilin Baba, wato da sunansa aka yi wa Baba iƙama, takardar da in babu ita ba ka da zama a ƙasar nan ko da a nan aka yanke maka cibiya. Su huɗu ne a bakin ƙofar: Baba, da wasu 'yan Nijar biyu, da wani Bahaushe mutumin Chadi. Baba ne babbansu.

Innata ta rasu ina da ciki na fari. A maƙabartar da ke kusa da tsohon gari aka binne ta. Kaburburan nan ba a rubuta suna a kansu, amma Baba ya san wurin, yana ƙirga shi daga wata tsaga da ke jikin katanga. Tun daga ranar burinsa ya zama guda ɗaya, kuma ba ya ɓoye shi. Yakan ce mini, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "ni ba na roƙon Allah komai na duniya. Ƙasar da ta ci uwarki ita nake so ta ci ni, kusa da Ɗakin Allah. In na samu wannan, halas, shi ke nan." Ba ya son gida, ba ya son mota. Ramin kabari kawai yake nema a Jidda, kuma iƙamarsa ce kaɗai ke riƙe masa da wannan ramin.

To, Shaihu ya yi harka da Jamusawa tun yana saurayi, yana sayo injuna a wurinsu. A wata tafiya ya dawo da kwalkwali, hular ƙarfe irin ta mayaƙan dawaki, jan ƙarfe mai ɗaukar ido, da ɗan lanƙwasa a ƙeya. Ya sa aka yi mata akwatin gilashi a majalisinsa, ɗakin da yake karɓar baƙi. Duk baƙon da ya shiga gidan nan sai ya sha labarin hular kafin ya sha gahawa. Baba yana tsaye a gefe yana ji, shekara da shekaru, har ya fi Shaihun iya ba da shi. Sai ya kwaso ya zo ya zuba mana a gida.

Ga yadda yake cewa. A ƙasar Jamus an yi wata masarauta da ake kira Burusiya. Wani sarkinta ya keɓe wasu mahaya 'yan kaɗan, ya ce aikinsu ɗaya ne, tsaron lafiyarsa. Da farko ba su da yawa ko kaɗan, daga baya aka ƙara su. Dogaye ake zaɓa, dawakansu masu duhun gashi, rigunansu farare tas. Sarki da kansa ne shugabansu, kuma da sunansa suke rantsuwa. Inda ya sa ƙafa nan suke sa kofato. Hularsu kuwa kai biyu gare ta: ranakun aiki a murɗa mata tsinin ƙarfe a sama, ranar biki a kwance tsinin a ɗaura gaggafa mai launin azurfa. Idan Baba ya zo nan sai ya ajiye kofin shayi ya buɗe hannuwa yana kwaikwayon fukafukai. Mu yi ta dariya, shi ko a jikinsa.

Abin bai tsaya a labari ba. Shaihu ya sa tela ya ɗinka wa masu gadin nan huɗu fararen kwat masu maɓallan ƙarfe, ya riƙa nuna su ga baƙi yana cewa ga nasa baraden. Ni abin haushi yake ba ni. Mutum da furfurarsa, a cikin zafin Jidda mai narka kwalta, an ƙunshe shi a kwat don ya buɗe wa mota ƙofa? Na taɓa gaya wa Baba haka. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke dai kishi kike yi, don ba a ɗinka miki ba."

Akwai wani aiki da Baba kaɗai ke yi a gidan. Ranar da za a yi baƙi, sai ya wanke hannu, ya buɗe gilashin, ya kwance tsini ya murɗa gaggafa. Idan lokacin salla ya yi kuma a majalisin za a yi, sai ya sake kwance ta, don Shaihu ba ya yarda a yi salla da siffar mai rai a ɗaki. Ya sa ta a aljihun kwat, ya fita da ita bakin ƙofa, sai an sallame ya mayar. Shaihu ya hana kowa taɓa ta, har 'ya'yansa. A gaban mutane ya sha cewa, "Wannan tsuntsuwa a hannun wannan mutum take. Daga hannuna sai nasa." Baba ya riƙe wannan magana kamar an ba shi sarauta.

Wani abu da ban lura da shi ba sai daga baya: Shaihu bai taɓa kai labarin ƙarshe ba. Kullum a ranar biki yake tsayawa, dawaki sun jeru, gaggafa na walƙiya, sai a kawo gahawa. Babu wanda ya taɓa tambayarsa yadda mahayan nan suka ƙare, Baba ma bai tambaya ba.

Ranar da Shaihu ya rasu akwai baƙi a gidan, gaggafa tana kan hular. Bayan la'asar ya ce kansa na juyawa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Da Baba ya ga mutane sun fara cika majalisi za a yi ta karatu da salla, sai ya yi abin da ya saba. Ya kwance ta, ya murɗa tsini, ya kai ta ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa ya naɗe ta a rawani. Nufinsa in an share makoki ya danƙa wa babban ɗan Shaihu, wanda ke zaune a ƙasar waje ya zo don jana'iza. Amma Baba ba zai tari mutum da maganar ƙarfe ba alhali yana kukan ubansa. Ya yi ta jira mutane su ragu. Ranar da suka ragu, ɗan ya riga ya hau jirgi.

Daga nan gidan ya fara watsewa. Uwargidan ta koma wurin 'yarta. Manyan motoci suka zo suka kwashe kujeru da darduma da akwatin gilashin da hular a ciki, aka ce an kai su wani sito a unguwar Khumra. Sai ga wani wakili da magada suka naɗa, mai ƙamshin turare da waya biyu a hannu. Ya tara masu gadin huɗu ya ce musu kafilinsu ya rasu, kowa ya nemi wanda zai ɗauke shi, shi zai sa hannu a mayar da iƙamar can kafin a gama rabon gado. Wanda bai samu ba, sai takardar fita. Ukun nan ba su yi wata-wata ba. Ɗaya ya samu wani sito, biyu suka bi wani ɗan kwangila. Suka cire fararen kwat suka rataye a ƙusa suka yi gaba, kuma wallahi ban ga laifinsu ba.

Ni abinci nake sayarwa a kasuwar Bab Makka, nan cikin Jidda, tuwo da miyar kuka da dambu, ga 'yan kasuwa da masu dako. Mijina lebura ne a tashar jirgi, takardata a ƙarƙashin tasa take, irin takardarmu ba ta ɗaukar uba. Don haka na shiga neman kafili kamar mai neman jini. Na roƙi wanda na sani da wanda ban sani ba. Wa zai ɗauki tsoho? A ƙarshe Allah ya haɗa ni da wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda, Bahaushe ne amma ɗan ƙasa, kakanninsa ta Sudan suka shigo. Shekaru yana cin tuwona. Ya ce, "'Yata, kawo shi. Kujera zan ajiye masa a bakin sitona, ga inuwa ga fanka. Ba abin da zai ɗauka da ya fi carbinsa nauyi." Ranar nan na yi kyautar ragowar miya duka don murna, na tari mota na nufi wurin Baba.

Na same shi a kan bencinsa, cikin farar kwat, gidan a bayansa wayam. Na zayyana masa komai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da ƙullin rawani ya buɗe mini.

"Wannan fa?" ya ce.

"Wannan me? Ka ba wakili mana."

"Wakili ɗan Shaihu ne?"

"To ka tafi da ita, in ɗan ya zo ka kawo masa. Bab Makka ƙasar waje ce?"

Ya girgiza kai. "Uwata, ba ki gane ba. Muddin ina bakin ƙofar nan, tsuntsuwar nan a gidansu take, ni ajiya nake yi. Ranar da na sa hannu na zama yaron wani, na fita da ita, me sunana? Mutumin da ya bar gidan ubangidansa da kayan ubangidansa a aljihu. Shekarun nan duka ko cokali bai taɓa ɓata a hannuna ba. Da furfurata za a ce mini ɓarawo?"

"Wa zai ce? Wa ma ya san tana wurinka?"

"Ni na sani," ya ce. Ya naɗe abarsa ya mayar ɗaki.

Na so in fasa ihu. Na juya na tafi neman wakili da kaina, na tare shi yana shiga mota. Na yi masa bayani da Larabci dalla-dalla, don in ta harshe ce ba abin da zai nuna mini, a garin nan na tashi. Ya ce wace tsuntsuwa? Shi ba a gaya masa zancen wata tsuntsuwa ba, kuma abin da ba a sa shi ba ba zai karɓa ba, kada gobe a ce ya taɓa kayan gado. Tsoho ya riƙe har mai ita ya zo. Na ce yaushe zai zo? Ya ce in sha Allahu, ya ja gilashi. Da ƙyar na karɓi lambar ɗan a wurinsa. Na kira, na tura saƙon murya, na tura hoton gaggafar. Shiru kake ji.

Alhaji mai atamfa ya yi haƙuri da mu, Allah ya saka masa. Duk ranar da ya zo cin tuwo sai ya tambaya, "Ina tsohonmu?" In ce yana nan tafe. Har kunya ta sa na fara tura masa abincin shago don kada mu haɗu.

Wata rana da hantsi, kasuwa ba ta buɗe sosai ba, ina zaune ina gyaran kuka, sai abin ya faɗo mini a rai: wai su mahayan nan da Baba ke kwaikwayo, ina suka ƙare? Na goge hannu na ɗauko waya na rubuta tambayar a intanet da Larabci. Ai kuwa sai ga shi, har da hotuna: dogayen Turawa da gashin baki, da irin gaggafarmu sak a kansu. Na karanta har ƙasa. Ashe babban yaƙi ya zo, irin wanda doki ba ya tsinana komai a gaban bindiga mai aman wuta. Aka ci su da yaƙi. Sarkin da suka rantse da sunansa ya tsallake zuwa maƙwabciyar ƙasa ya bar su. Aka rushe rundunar, kowa ya kama gabansa. Daga baya ita kanta Burusiyar aka shafe sunanta, yau ko a taswira babu ita. Na ce alhamdu lillahi, yau na samu abin da zan karya Baba da shi. Na bar wa maƙwabciyata tukunya na tafi.

Na zauna kusa da shi a benci na ce, "Baba, yau ni zan ba ka labarin mutanenka, daga inda Shaihu yake tsayawa." Na ba shi tas, ban rage komai ba, har da gishiri na ƙara. Na nuna masa hotunan. Ya karɓi wayar ya kawo ta kusa da ido ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Ka gani? Su da kansu, masu abin, da suka ga sarki ya tafi sun ajiye hula sun tafi neman abin da za su ci. Kai da ko doki ba ka taɓa hawa ba, me kake tsaro?"

Ya ce, "Haka kawai suka watse? Ba wanda ya sallame su?"

Da na san inda ya nufa da na yi ƙarya, wallahi da na yi. Amma bakina ya riga ni. Na ce an rubuta cewa sarkin, bayan ya tafi, ya yi takarda ya ce ya warware musu rantsuwar da suka yi masa.

Sai na ga fuskar Baba ta washe, kamar na kawo masa albishir. Ya miƙo mini wayar ya ce, "To kin ji. Ashe mutanen kirki ne har ƙarshe. Sai da aka sake su suka tafi. Ni wa ya sake ni?"

Na yi kuka ranar nan a bakin titi, ban damu da masu wucewa ba. Na ce masa zai kashe ni da raina. Na ce masa Shaihu yana kabari ba ruwansa da tsuntsu. Na ce Inna fa, ramin da kake roƙo fa? Nan ne kawai na ga ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah ya san ina so. Yaron zai zo, Uwata. Gidan ubansa ne, dole ya zo."

Haka muka shiga wata rayuwa da ba na fatan maƙiyina ya ɗanɗana. Iƙamar Baba ta mutu. Aka yanke wutar gidan, ya koma kwana a tsakar gida saboda zafi. Ƙafafunsa suka fara kumbura, asibiti kuma ba ya zuwa, don abin da za a fara tambaya a can shi ne takarda. Sai dai in sayo masa magani a kanti da kwatance. Masallacin unguwa kaɗai yake zuwa, shi ma yana bin bango, in ya hango motar jami'ai ya koma ciki. Mutumin da ya yi shekaru yana tsayawa ƙiƙam a gaban manyan baƙi, ya koma laɓe-laɓe. Amma kullum da safe sai ya share bakin ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya sa kwat ɗin nan da ta koma ruwan ƙasa, ya zauna. Kwat uku na abokansa suna rataye a ƙusa, yakan kakkaɓe musu ƙura.

Kullum in na tashi daga kasuwa sai in kai masa abinci. Wani lokaci mu yi hira, wani lokaci in dire kwano in juya ko sallama babu, don haushi. Mijina ya je ya yi masa magana, limamin unguwa ya je, abokan aikinsa na da sun je. Kowa amsa ɗaya yake samu. Daga ƙarshe Alhaji mai atamfa ya kira ni gefe ya ce ya yi iya jiransa, sito ba ya zama babu mai gadi, ya ɗauki wani. Na yi masa godiya. Me zan ce? Mutum ya yi abin da ko ɗan'uwa bai yi ba.

Ɗan Shaihu ya zo, sai dai zuwansa bai tsinana mana komai ba. Ina nan a ranar, na kawo abincin rana. Mota ta tsaya, ya fito tare da wakili da wasu mutum biyu da ke son sayen filin gidan. Ya yi ƙiba, gemunsa ya fara fari. Baba ya miƙe da ƙyar a kan kumburarrun ƙafafunsa, ya gyara maɓalli, ya buɗe ƙofa gaba ɗaya kamar yadda yake yi wa ubansa. Mutumin ya tsaya yana kallonsa da mamaki. Ya ce da Larabci, "Baffa, har yanzu kana nan?" Ya matso ya sumbaci kan Baba. Ba mugu ba ne, ban taɓa cewa mugu ne ba, a hannun Baba ya koyi tafiya. Kawai dai mu ba ma cikin abin da ke ransa.

Baba ya shiga ɗaki ya fito da ƙullin, ya warware, ya miƙa da hannu biyu. Ya ce, "Amanar mahaifinka. Ranar rasuwarsa na kwance ta saboda salla. Ga ta, ko ƙwarzane babu."

Ɗan ya karɓa ya jujjuya ta. Ya ɗan yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce wallahi ya manta da ita. Ya ce ai hular an sayar tun tuni tare da sauran tarkacen sito, wanda ya saya ma bai tambayi wata gaggafa ba. Ya mayar da ita hannun Baba ya rufe da nasa hannun. "Riƙe ta, Baffa. Kyauta ce. Me zan yi da ita?"

Baba ya tsaya da abu a hannu. Can ya ce, "To ka sake ni?"

Mutumin bai ma fahimci tambayar ba, sai da na fassara masa manufarta. Ya ce, "Halas, Baffa, halas! Ka huta mana. Allah ya saka maka da alheri." Masu sayen fili suna ta duba agogo, ɗaya ya ce yalla, mu je, suka shige ciki.

Na bi shi har tsakar gida ina maganar iƙama. Ya dubi wakili, wakili ya ce an gama rabon gado, ikon sa hannun da aka ba shi ya ƙare, ga takarda ta daɗe da mutuwa, ga shekarun tsoho. Abin da ya rage shi ne a nema masa fita cikin mutunci, ba tare da an kama shi ba. Ɗan ya ce tikiti da duk abin da za a biya yana kansa. Ya faɗa yana dafa ƙirji, shi a ganinsa alheri ya yi. Na buga ko'ina bayan nan, ofis-ofis, dillalan takarda, masu cewa sun san wani. Babu ƙofar da ta buɗe.

Ranar nan da na fito daga tsakar gidan na tarar Baba ya cire kwat ya rataye ta kusa da ukun. Yana zaune da 'yar shara, ya ɗora gaggafar a cinya. Na shirya masifa cike da baki, amma da na ga yadda kafaɗunsa suka zube sai na kasa. Na buɗe kwano na ce ya ci abinci. Ya ci loma biyu ya ce ya ƙoshi.

Ana gobe zai tafi, bayan la'asar, na raka shi maƙabarta. Ni na tsaya a waje a jikin katanga, shi ya shiga yana dogara sanda. Ya daɗe. Da ya fito, sai da muka kai bakin titi sannan ya zaro ƙullin rawani daga aljihu ya ba ni. Ya ce, "Yanzu tawa ce, ina da ikon bayarwa. Ki ajiye, amma ban da ɗakin salla." Na ce in na ajiye ta Allah ya tsine mini, a teku zan jefa ta. Ya ce, "To ki jefa, taki ce."

A Damagaram gidan jikokin ƙanensa aka sauke shi. Ba su san shi ba, shi ma bai san su ba. Sun riƙe shi da mutunci, ba zan yi musu ƙarya ba, amma garin da ya bari yana saurayi babu shi, abokansa duk sun riga shi. Yaran gidan suna dariyar Hausarsa mai haɗe da Larabci. Idan na kira, tambayarsa ta farko ita ce ko an rufe ƙofar gidan Shaihu da kyau. Ban taɓa gaya masa an rushe gidan an kafa shaguna ba. Sai in ce a rufe take, Baba. Daga nan ya ce ko na bi ta jikin katanga na yi wa Inna sallama. Wannan kam ina yi, duk Juma'a.

Kiranmu na ƙarshe muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai na toshe ɗaya kunnen saboda hayaniyar kasuwa. Ya ce ya sa yaran sun kai shi ya ga maƙabartar garin, wuri ne mai yashi, ba laifi. Na fara kuka ina cewa ba nan ka roƙa ba, Baba, ba nan ka roƙa ba, a kan wani banzan ƙarfe. Ya bari na yi mai isata. Sannan ya ce, "Uwata, daina. Na tambayi limaminsu, na kuma duba da idona. In sun kwantar da ni, gabas za su juya fuskata. Can wajenku ne, ke da uwarki."

Haka aka yi, da damina. Ni ban je ba, takardata tana wurin sabuntawa, in na fita ba lallai in dawo ba. Waya aka yi mini ina tsakiyar tuƙa tuwo, na sauke tukunyar na zauna a ƙasa.